Hayar Fagge, fulat a Rijiyar Zaki, ko kangona na Gaida?

Assalamu alaikum. Ni ƙaramin ɗan kasuwa ne, ina da tebur a Kantin Kwari. Shekara tara muna zaune a ciki da falo a Fagge, magidanta huɗu ne a gidan, banɗaki biyu muke haɗawa. Ni da maiɗakina da yara huɗu, babbar mace ce mai shekara 11, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 9. Hayar ta kai N300,000, saura wata biyar ta ƙare. Maiɗakina ta gaji da layin banɗaki da rigimar yara, ni ma kunya nake ji in abokai suka ce za su zo. Dillali ya nuna min fulat mai ɗaki biyu da falo, da tayil da silin, a can bayan Rijiyar Zaki, N450,000. Ina kuma da fili awon igiya, hamsin ba hamsin, a bayan Gaida. Na ta da ɗaki biyu har linta, shekara biyu ke nan aikin ya tsaya. Abin da ke hannuna ba zai yi biyu ba. Wanne zan zaɓa da ba zan yi da-na-sani ba? — Magidanci daga Fagge

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara rufin asiri, ya raya zuri'a.

Ga shawararmu tun daga farko: kada ka kama fulat ɗin nan. Ka sabunta hayar Fagge, ka yi amfani da shekarar wajen gwada filin Gaida, in ya ci jarrabawa ka zuba abin hannunka a kansa ku tare ko da babu filasta. In kuma bai ci ba, ka sayar ka nemi wani. Dalilan suna da ɗan tsawo, sai ka yi haƙuri da mu.

Babu gidan da ba shi da aibi, ko a Nassarawa GRA ne. Amma aibin gida iri biyu ne. Akwai wanda kuɗi ke gyarawa a hankali, buhun siminti yau, bandir ɗin kwano wata mai zuwa: rashin tayil, rashin fenti, ƙarancin ɗaki, ƙyauren langa-langa. Akwai kuma wanda ke maƙale da wurin, ko nawa ka kashe yana nan: nisa da wajen nema, kwari da ruwa ke kwanciya, ƙasar da ba ta da ruwa a ƙarƙashi, takardar da ke da rigima, maƙwabcin da ba ya barin mutane su yi barci. Mai neman gida yawanci aibi na farko yake gani, domin shi ido ke faɗawa a kai ranar da dillali ya buɗe ƙofa. Na biyun sai an tare, an kwana, damina ta wuce, bazara ta shigo, sannan yake bayyana. Mutum na sabawa da ɗakin da ba shi da fenti cikin mako biyu. Ba mu taɓa ganin wanda ya saba da kwashe ruwa daga ɗaki da roba ƙarfe biyun dare ba.

Mu fara da fulat. Kai N450,000 ka ji, amma ba ita ce hayar ba. Ka ɗora la'adar dillali, wadda aka saba kashi 10 cikin ɗari, N45,000 ke nan. Ka ɗora kuɗin motar kwasar kaya, da labule, da ledar ɗaki ko kafet, domin kayan ciki da falo ba sa cika fulat, kuma uwargida ba za ta zauna a falo fayau ba. Sannan babban abin, kuɗin mota. Yanzu da ƙafa kake shiga Kwari. Daga bayan Rijiyar Zaki kuwa sai ka hau Adaidaita daga lungu zuwa titi, ka sake hawa wani zuwa cikin gari, ga cunkoson Kabuga safe da yamma. A ce kowace gaɓa N400 ce. Gaɓa huɗu a yini N1,600, kwana 26 a wata N41,600, a shekara N499,200. Ka je ka tambayi ainihin kuɗin da ake biya yau ka sa a gurbin namu, amma ko yaya ka juya lissafin, kuɗin motarka kai kaɗai zai yi kusa da hayar, ko ya wuce ta. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, arahar gidan bayan gari ta zama abin dubawa sau biyu. Ba mu sa na yara zuwa makaranta ba, ba mu sa na uwargida zuwa suna da dubiya ba. Ƙarshenta za ka kashe kusan miliyan a shekara kan gidan da ba naka ba, kangonka kuma na can rana da ruwa na cin bulonsa.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma dole mu faɗa maka: lissafin nan ya hau kan Gaida ma. Mutane na cewa wanda ya shiga gidansa ya huta da haya, suna mantawa da cewa sau da yawa hayar ce ta koma kuɗin mota. In za ka riƙa hawa Adaidaita daga bayan Gaida kullum, abin da za ka kashe zai fi N300,000 da kake biya a Fagge. Don haka ka ɗauki babur a matsayin ɗaya daga cikin kayan ginin, ka sa shi a jerin siminti da kwano. Ƙaramin babur mai lafiya na yin kilomita 35 zuwa 40 da lita ɗaya. Ka ari na wani ka je ka dawo, ka duba mitarsa, za ka san man da za ka riƙa sha. Da babur, Gaida na da riba, kuma haya na hawa duk shekara, gidanka ba ya hawa. Babu babur, tarewar ba ta da amfani ta fuskar kuɗi.

Yanzu gwajin filin. Farkon abu takarda. Awon igiya ba haramun ba ne, unguwanni da yawa a Kano a haka suka tashi, amma ka san matsayinka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma sa hannun mai unguwa ko hatimin dagaci shaida ce ta ciniki, ba shaidar mallaka ta gwamnati ba. Ka ɗauki takardar cinikinka ka je hukumar tsara birane, KNUPDA, da ofishin rajistar filaye na jiha, KANGIS, ka tambayi abu biyu: ko wurin ya faɗa cikin wani tsari na gwamnati ko hanyar da aka shata, da kuma matakan da za ka bi ka yi wa filin rajista. In asalin wurin gonar gado ce, ka tabbatar duk magada sun sa hannu, har matan, ba babban wa kaɗai ba. Yawancin rigimar da ke tasowa bayan shekara goma daga nan take. Ka kuma ɗaga kai sama. Kumbotso, ƙaramar hukumar da Gaida ke ciki, na da babbar tashar rarraba wuta, manyan layuka na ratsa yankin. Layin 330kV na da haramin mita 50 da ba a gini a ciki, wato 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30. Gini a ƙarƙashinsu haɗari ne, kuma duk ranar da aka zo rusau babu mai sauraronka.

Na biyu ruwan sama. Ka je filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, da sassafe kafin rana ta busar da shaida. Ka dubi katangun maƙwabta, ruwa na barin zane a jikin bulo daidai inda ya tsaya. Ka dubi ƙofofin gidaje: in ka ga kowa ya gina ɗan dakali a bakin ƙofa ko ya jera buhunan yashi, sun ba ka amsa ba tare da ka tambaya ba. Ka bi ruwan da ƙafa ka ga inda yake zuwa. In babu inda yake zuwa, to wurinku yake zuwa. Sannan ka nemi dattijon da ya noma wurin kafin a yanka, ka tambaye shi ko akwai kududdufi a da. Kano cike take da kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, aka cike su da shara, aka sayar a matsayin fuloti. Ƙasar shara na ci gaba da zama shekara da shekaru. Alamarta tsaga ce mai hawa kamar matakala daga kusurwar taga ko ƙofa, faɗi a sama, siriri a ƙasa. Kangonka ya ga damina biyu, don haka shi kansa shaida ne. Ka zagaya shi da magini, ba wanda ya gina shi ba. Tsagar da ba ta wuce kaurin gashi ba ba komai ba ce. Wadda tsinken ashana ke shiga, ka shafe ta da siminti ka rubuta kwanan wata a gefe, ka dawo bayan wata biyu. In ta sake buɗewa, ginin na motsi, kada ka ɗora masa rufi sai injiniya ya gani.

Na uku, wanda ya fi su cin rai, ruwan amfani. Wannan gwajin na watan Afrilu ne, lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa. Ka leƙa rijiyoyin maƙwabta uku ko huɗu, ka tambayi gaba nawa suka haƙa, da ko suna kaiwa damina. Mafi yawan Kano a kan dutse take zaune, shi ya sa za ka ga gida ya samu ruwa mai yawa a rijiyar burtsatse, na bayansa ya haƙa ya tarar da dutse busasshe. Duk ranar da za ka haƙa, a fara yin awon ƙasa da na'ura. Kuma tunda Gaida ba ta da nisa da masana'antun Sharaɗa da Challawa, inda ake jimar fata, ka ɗebi ruwan rijiyar maƙwabci a gora mai tsabta ka shaƙa, ka bar shi ya kwana ka ga ko ya sauya launi, in da hali ka kai a gwada a ɗakin gwaji.

Ga lissafin da zai nuna maka nauyin abin. Mutum ɗaya na buƙatar kusan lita 50 a yini, sha da girki da wanka da wanki da banɗaki. Ku shida ne, lita 300 ke nan, jarka 12 mai lita 25, kusan kura guda ta ɗan garuwa. A ce jarka N100 ce, N1,200 a yini, N36,000 a wata, sama da N430,000 a shekara. Ka tambayi matan unguwar nawa suke sayen jarka a bazara, ba maza ba, domin su ke biya. Ka tambayi ko 'yan garuwa na shiga lungun in an yi ruwa. Wannan tambayar ka yi ta a kan kowane gida za ka kama a rayuwarka, har fulat ɗin da dillali ya rantse maka akwai bohol. Bohol ba ya aiki sai da wuta, sai ka ji wa ke sayen man janareta, da sau nawa ake tara kuɗin gyaran famfo.

Wani abu da masu ƙananan filaye ba sa son ji: ana so tsakanin rijiya da ramin masai ya kai mita 30. Filin hamsin ba hamsin bai wuce mita 15 kowane gefe ba, daga kusurwa zuwa kusurwa ma mita 21 ne. Ko ka nisanta naka, na maƙwabci na jingine da katangarka. Saboda haka in ka haƙa rijiya, ta wanki da wanka ce. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin kulorin, ko a sayo daga inda aka amince. Taifot da gudawar da ke kwantar da yara a sababbin unguwanni sau da yawa daga nan suke.

Sauran gwajin ba su da wuya. Ka je unguwar bayan isha'i ka zauna a masallaci ko wajen mai shayi, ka ji ko ana kwana da ido biyu, ko akwai 'yan sintiri da nawa ake bayarwa. Ka tambayi wane rukunin wuta suke a wajen kamfanin rarraba wuta, KEDCO, domin alƙawarin Band A awa 20 ne a kullum, B 16, C 12, D 8, E 4, sannan ka tambayi abin da suke samu a zahiri da yaushe taransifoma ta lalace ta ƙarshe. Ka ƙirga gidajen da mutane ke ciki a layinku. Gida ɗaya tilo a tsakiyar kangaye ba wurin barin mace da yara ba ne daga safe zuwa dare.

To, a ce filin ya ci. Me za a fara yi da ɗan abin da ke hannu? A nan ne mutane ke ɓata kuɗi, su sa tayil a ɗaki alhali ruwa na shigowa ta ƙofa.

Ka fara da tsayin daɓe. Ƙasan ɗakinka ya fi hanyar waje tsawo da aƙalla ƙafa biyu, domin duk ranar da aka zuba burji ko aka yi kwalta, hanyar za ta hau, gidan ya koma rami. In an riga an ta da gini ƙasa-ƙasa, gara ka ƙara layin bulo biyu a sama ka yi ciko a ciki. Ciko da jar ƙasa ake yi, ba ƙasar bola ba, ana zubawa inci shida-shida, a jiƙa, a daddaɓe, sannan a ƙara. A fesa maganin gara, a shimfiɗa leda mai kauri, sannan a zuba kankare inci huɗu. Ledar nan da ake rainawa ita ke hana danshi tasowa ya ci gindin bango ya riƙa fitar da farin gishiri, filasta na zubewa duk shekara.

Sai rufi. Tsayin ɗaki daga daɓe zuwa silin ya kai ƙafa goma. Kwano ya zarce bango da ƙafa biyu don ya kare shi daga feshin ruwa da rana. A shafe katako da maganin gara kafin a ɗora, a ɗaure rafta da linta da rodi ko ƙarfen ɗauri, ba a bar ta a kan ƙusa kaɗai ba, domin iskar farkon damina a Kano ɗauke rufi take gaba ɗaya. Kwano mai arha sosai siriri ne, ƙusa na yaga shi, bayan damina uku ya fara yoyo. Araha ba ta ado. Silin kuwa ba kwalliya ba ce a garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu. Ko na PVC mafi sauƙi ka sa, ka bar 'yan ƙofofin iska masu raga tsakanin silin da kwano don zafin ya fita. Kowane ɗaki ya samu taga biyu a bango daban-daban, girmansu a haɗe ya kai kashi ɗaya cikin goma na girman daɓen ɗakin, da raga ta sauro. Ɗaki mai taga ɗaya ba ya shan iska ko da tagar ta kai ƙofa girma. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe ta har tsakar dare, saboda haka in da hali can za a jingina rumfa ko kicin. Darbejiya na da inuwa, amma a nisanta ta da gini da ramin masai da ƙafa goma sha biyar ko fiye, saiwarta na fasa fandisho.

Sai katanga da ƙofa, domin gida ba ya zama gida ga mace sai da sutura. Zagayen filinka ƙafa 200 ne. In za ka ta da katanga ƙafa bakwai, bulo goma ke shiga murabba'in mita ɗaya, kusan bulo 1,300 ke nan ban da na cikin ƙasa. Ka cire gefen da ɗakuna suka tare da wanda maƙwabci ya riga ya gina, sau da yawa abin ya ragu da rabi. Wajen sayen bulo ka ɗaga guda zuwa ƙirjinka ka sake shi a ƙasa mai tauri. In ya watse kamar garin kwaki, an buga sama da hamsin da buhu ɗaya. In kai za ka buga, kada buhu ya wuce bulo 30 zuwa 35 na inci shida, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai. A sa ginshiƙin rodi duk bayan ƙafa goma, in ba haka ba doguwar katanga na kwantawa a damina.

Sai banɗaki, wanda shi ne asalin kukan uwargida. Bututun inci huɗu, gangarensa ya zama inci ɗaya a duk inci arba'in. In ya kwanta sosai ƙazanta na tsayawa, in ya yi tsaye sosai ruwa ya gudu ya bar ta. A sa bututun iska a ramin, ya haura rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda. Ruwan wanka da na wanke-wanke kada a haɗa su da ramin masai, su ke cika shi cikin shekara biyu, a yi musu nasu ƙaramin rami da duwatsu. A ajiye ramin kusa da ƙofar gida inda motar kwasa za ta kai. Kwanon tsuguno ya fi na zama dacewa da gidan da ke sayen ruwa, buta biyu ta wanke shi, na zaman kuwa kowane ja lita shida ne ko fiye. Filastar banɗaki buhu ɗaya ga kwanon sarki takwas na yashi, ta ɗaki kuwa buhu ɗaya ga sha biyu.

In waɗannan sun samu, da filastar cikin ɗakuna da rumfar girki, ku tare. Filastar waje, fenti, tayil, POP, falo, zaure, duk su biyo baya da adashi. Abu ɗaya za mu ƙara a kan jerin: indararo da tanki. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufin ɗaki biyu da baranda ya kai murabba'in mita 40, ruwa ɗaya mai milimita 20 zai ba ka kusan lita 800. Tanki mai lita 2,000 zai ɗauke muku sayen ruwan wanki da wanka yawancin damina. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu kafin a juya bututu cikin tanki, a rufe bakinsa saboda sauro. Wuta kuwa ƙaramin sola ya isa farko. Batir mai 12V 200Ah na riƙe awa-wat 2,400, amma rabi ake sha in ana son ya daɗe. Rabin nan zai juya fankar sola biyu masu wat 25 da ƙwai huɗu da cajin waya dare guda. Dutsen guga da hita da firji su ke kashe batir cikin wata shida.

Shekarar da za ku ƙara a Fagge kuma ba ta zaman jira ba ce. Ka sami mai gidan ka nemi biyan wata shida-shida, ko da zai ɗan ƙara, don kada kuɗinka su kwanta a hannunsa in gini ya kammala da wuri. Ku rubuta, da shaidu biyu. Duk gyaran da za ka yi da niyyar a cire a haya, a rubuta kafin a buga ƙusa, in ba haka ba sadaka ka yi. Abin da za ka saya yanzu ya zama wanda zai bi ka: fankar sola, durom mai murfi, gado mai hawa biyu. Yarinya ta haura goma, yaron na gab da kaiwa, kuma umarnin Manzon Allah (SAW) ne a raba musu shimfiɗa a wannan shekarun. Ka raba falon da filawud ko labule mai kauri a kan waya, ita da ƙanwarta in akwai a gefe guda, shi a ɗaya gefen. Ku magidanta huɗu ku zauna ku tsara wankin banɗaki kwana-kwana, ku ware ɗaya na mata da yara ɗaya na maza, ku haɗa kuɗin kwasa tun kafin ya cika. Rabin rigimar gidan haya daga banɗaki da igiyar shanya take. Da sanyi kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe, kada kuma a tayar da janareta a soro ko bakin taga, hayaƙinsu na ɗauke da iskar guba marar wari mai kisa.

Akwai abin da muka lura a wasiƙarka. Ka ce "wanne zan zaɓa". Malam, kai kana fita bayan asuba ko da hantsi, ka dawo bayan magariba. Wadda za ta wuni da aibin gidan ita ce maiɗakinka. Nisan Gaida a wurinka man babur ne. A wurinta rabuwa ce da 'yan'uwa da maƙwabtan shekara tara, da Islamiyyarta, da masu sayen abin da take sayarwa in tana sana'a, da kusancin asibitin Murtala in ciwo ya tashi da dare. Akwai matan da za su zaɓi kango mai katanga da banɗakinsu su kaɗai a kan komai. Akwai kuma waɗanda kaɗaici zai fi damunsu fiye da layin banɗaki. Ba za ka sani ba sai ka tambaya. Ka ɗauke ta ku je, ba sau ɗaya ba, ka bar ta ta shiga gidajen maƙwabta ta yi hira da matan ba ka wurin. Abin da za su gaya mata ba za su gaya maka ba. Sannan kowannenku ya faɗi abu uku da ba zai iya haƙura da su ba, da uku da zai iya. In nata uku na farko sun haɗa da abin da ke maƙale da wurin, ka saurara da kyau. Ka kuma faɗa mata gaskiyar abin da ke hannunka da watan da kake sa ran tarewa. Mace na jure ƙunci in ta san ranar fita, abin da ke karya mata zuciya shi ne "in sha Allahu an kusa" shekara biyar.

Batun kunyar abokai ba za mu daɗe a kai ba. Baƙo awa ɗaya yake yi, kuma tabarma a ƙofar gida ko masallacin layi sun ishi zumunci, haka iyayenmu suka yi a cikin birni. Kada ka kashe kuɗin rufi don falon da za a ɗauki hoto.

In kuwa filin ya faɗi, wato takarda na da rigima, ko ruwa na kwanciya, ko kangon na motsi, kada ka ƙara masa ko bulo ɗaya. Ka sa shi a kasuwa da rani, ka faɗa wa mai saye aibinsa domin ɓoyewa haramun ne, ka nemi ko rabin fuloti ne a kan tudu, a layin da mutane suka riga suka cika. Kuɗin kada su kwana a hannunka fiye da 'yan makonni, in sun shiga jarin tebur ba za su fito ba. Sabon wurin kuma ka bi shi da gwajin nan tun daga takarda kafin ka biya ko kafin alƙalami.